'Yata Ta Yage Hotonta Daga Bangon Asibiti

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin mako uku kacal ya rage mini, ga shi kaina ya kulle. Ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, yadda abin yake a raina haka zan zubo miki shi. Kada ki sa sunana.

Ni tela ce, ina da ɗan shago mai keken ɗinki uku a bakin titi. Maigidana mai ɗaukar hoto ne, tsakanin shagonsa da nawa layi biyu ne. 'Ya'yanmu biyu, duka mata. Babbar, wadda babanta ke kira Gimbiya, shekararta goma sha huɗu, kuma a kanta nake wannan rubutu.

Kin san 'yar mai hoto. Kafin ta iya tafiya ta fi wata amaryar yawan hotuna. Tana da shekara biyu da rabi sai wani farin abu ya fara fitowa a tsakiyar baƙin idonta na hagu duk lokacin da hasken kyamara ya haska ta, kamar idon kyanwa. A fili kuwa ba ka ganin komai, yarinya lafiya lau, tana ta ɓarna. Babanta ya ɗauka kyamara ce ta fara tsufa. Sai ya zauna a gaban kwamfuta ya goge farin, ya mayar da baƙi, ya wanke hoton ya kawo gida. Har fitilar kyamarar ya canja. Wata huɗu yana haka.

Wata rana wata nas ta shiga shagonsa ɗaukar hoton fasfo, ta hango hoton yarinyar a kwamfuta kafin ya gyara. Ta tambaye shi 'yar waye, ya ce tasa ce. Ta ce masa ya rufe shagon nan yanzu ya kai ta asibiti. Cikin kwana tara aka gaya mana ciwon daji ne na ido, kuma ya yi nisan da sai an cire idon idan ana son a tsira da ranta. Aka cire. Bayan haka muka yi wata shida muna zarya ana saka mata ruwan magani.

Anti, har yau idan na ji warin maganin goge ƙasa sai in ga kamar na koma asibitin nan. Gado goma sha biyu ne a ɗakin yaran. Ƙarfen rataye ruwa na gadonmu ƙafarsa ɗaya a karye take, da takalmina nake tokare shi. Gashinta na zuba a kan matashi, ina tsincewa ina cusawa a jaka don kada babanta ya gani. A gadon da ke kusa da mu akwai wata yarinya 'yar shekara huɗu, an kawo ta ido ya riga ya kumburo waje. Uwarta ta yi shekara guda tana yawo daga wannan mai magani zuwa wancan, ana ba ta na ɗigawa. Da safiyar da yarinyar ta cika, uwar ta riƙe hannuna, ba ta ko kuka, ta ce, "Da wani ya gaya mini." Maganar nan ita ta hana ni zama shekara goma sha ɗaya.

Gimbiya ta warke, alhamdu lillahi. An yi mata idon roba, kuma sai an gaya maka za ka gane. Amma ni ban koma yadda nake ba. Mu huɗu muka fara haɗuwa a wani benci ƙarƙashin matakalar asibitin, iyaye mata da muka yi jinya tare. Yau mun wuce hamsin, muna da ƙungiya, ni ce shugaba. Maigidana yana da hoto ɗaya da bai goge ba, tana zaune a kan kujerar shagonsa tana dariya, farin nan ya fito ɓaro-ɓaro. Na karɓa, muka buga shi a manyan takardu, kusa da shi muka sa hotonta na bara da kayan makaranta, muka rubuta a ƙasa: an gano da wuri, ga ta nan da ranta. Muka manna a asibitoci da wuraren rigakafin yara. Na shiga rediyo ya fi sau ashirin. Duk inda aka tara mata ina nan. Tun tana ƙarama nake tafiya da ita, in ɗora ta a kan tebur a gan ta, a tafa mata, ta dawo gida da alewa cike da aljihu. A lokacin tana jin daɗin abin, ko kuma haka na zata.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya zame mini kamar ciwo. Ba na iya ganin yaro ban leƙa idonsa ba. Na taɓa sauka daga bas a inda ba tashata ba, na bi wata mata har cikin kasuwa don na ga kamar idon goyonta na ƙyalli. Ashe hasken rana ne. Matar ta wanke ni tas, ta ce ko satar yara nake yi. A shago kuwa waya a kunne, ƙafa a kan keke, har na taɓa ɗinke wa wata hannun riga a juye, ta zo gwaji hannunta ya ƙi shiga, ta tambaye ni ko sabon yayi ne. Masu kawo mini ɗinki sun ragu, ban damu ba. Domin nas ɗin ɗakin yara ta gaya mini yara bakwai aka kawo saboda hoton nan kaɗai. Bakwai, Anti. Ɗaya daga cikinsu ba a ma cire mata idon ba, da duka biyun take gani. Uwarta ta nemo shagona, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka.

To, ga inda abin ya lalace. A bana Gimbiya ta shiga sabuwar makaranta can wata unguwa, inda babu wanda ya san mu. Na lura ta sake, ta yi ƙawaye, har waƙe-waƙe take yi tana wanke-wanke. Sai wata 'yar ajinsu ta raka yayarta rigakafi, ta ga hoton a bango, ta ɗauka a waya. Kafin mako ya ƙare kowa a makarantar ya gani. Suka fara ce mata mai kansa, wato mai ciwon daji. Wasu suka tare ta a bayan aji suka ce sai ta ciro idon sun gani. Wata ta ƙi shan ruwa da kofinta, wai kada ta ɗauka. Babbar ƙawarta ma ba ta zage ta ba, amma ta koma kallonta da tausayi tana riƙe mata jaka, kuma daga baya Gimbiya ta ce wannan ya fi zagin ciwo. Kusan wata biyu yarinyar nan na haɗiye wannan ba ta gaya wa kowa ba. Ni da nake hango idon ɗan wata a cikin bas, ban ga abin da ke fuskar 'yata ba.

Ranar da muka je duba lafiyarta na shekara, muna tafiya a barandar asibitin, mutane cike da benci, sai kawai ta tsaya a gaban hoton. Ta sa hannu biyu ta ɓamɓaro shi daga bango, ta yage gida biyu, ta sake yagewa, ta zuba a kwandon shara, ta juya ta fita. Kowa ya juyo yana kallonmu. Wata daga cikin matan ƙungiyarmu na wurin. Kunya ta rufe ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko ganin likitar ba mu yi ba.

Da muka isa gida na rufe ta da faɗa, ban ma tambaye ta dalili ba. Na ce ba ta da godiya, na ce yara nawa suka mutu a ɗakin da ta fito da rai, na ce Allah ya bar ta ne don wasu su amfana. Ta bar ni sai da na gaji, sannan ta gaya mini abin da ke faruwa a makaranta. Daga nan ta ce, "Mama, ni ban ma tuna ciwon nan ba. Ke ce kike tuna mini kullum. Kowa ya san idona kafin ya san ni." Ta ce kuma ko sau ɗaya ban taɓa tambayar ta ba kafin in manna ta a bango. Gaskiya ta faɗa, ban taɓa ba. Ban ma taɓa tunanin akwai abin tambaya ba.

Yanzu ga abubuwa biyu a gabana. Na farko, nan da mako uku akwai babban taro da manyan jami'an lafiya za su halarta. Shekara uku muna fafutukar a riƙa duba idon jarirai duk lokacin da aka kai su rigakafi, sai yanzu suka yarda su saurare mu. Na riga na yi alkawarin Gimbiya za ta tsaya ta yi magana, har an buga sunanta a takardar tsarin taro. Kin san manyan nan, ƙididdiga ba ta taɓa su, amma idan suka ga yarinya tsaye a gabansu jikinsu na yin sanyi. Ta ce ko ɗaure ta zan yi ba za ta je ba.

Na biyu, likitar idon da ta yi mata aiki tana cikin wani bincike. Suna ɗibar jinin yaran da suka warke da na iyayensu da 'yan'uwansu, suna bin lafiyarsu shekara da shekaru, don su gane wane irin ciwon ne ake gado, wane ne kuma ba a gado. Da ta kawo mini takardar, a tsaye na sa hannu, ban ko zauna na karanta ba, balle in tambayi mai jikin. Yanzu Gimbiya ta ce ba wanda zai sake tsira mata allura, kuma ƙafarta ba za ta sake taka asibitin nan ba, ko don duba lafiya. Wannan shi ya fi tsinka mini zuciya.

Sai kuma babanta. Mutum ne marar yawan magana, shekara goma sha ɗaya bai taɓa zuwa taronmu ba, bai kuma taɓa hana ni ba. Idan muka bi ta gaban hoton sai ya kau da kai. Wannan karon ya buɗe baki, ya ce in ƙyale yarinyar nan ta huta, ya ce na mayar da ita allon talla. Raina ya ɓaci, sai na ji bakina ya ce masa da bai zauna yana goge ciwon wata huɗu ba, da yanzu tana da ido biyu. Anti, na ga yadda fuskarsa ta koma. Ya ɗauki hularsa ya fita. Yau kwana goma sha biyu, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. A shago yake cin abinci. Na san na yi mugun abu, domin ni ma ai na ga farin nan a hotunan farko, na yi dariya ni kaɗai, na ce a raina kyamararsa ta mayar da ita kyanwa. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai ke.

Gidan ya yi shiru. Gimbiya duk abin da na ce sai ta ce "to" ta wuce. Ƙaramar tana bin fuskokinmu da kallo, ta daina ma faɗan kujerar gaban talabijin. Ni kuma na kasa zama na kasa tsayuwa. In na shiga shago in ji kamar in koma gida, in na koma gida in ji bango na matse ni. Matan ƙungiya na ta kira suna tambayar wace riga Gimbiya za ta sa ranar taro, ni kuma ina ta ce musu ana shiri.

Anti, ina son 'yata fiye da raina. Amma idan na janye hoton nan, wata uwar za ta ga farin abu a idon ɗanta ta ɗauka haske ne, kuma ni na san abin da ke biyo baya, na gani da idona. Shin zolayar 'yan makaranta ta kai ran yaro? Ko kuwa ni ce na zalunci 'yata tsawon shekaru ina ganin alheri nake yi? In tilasta mata sau ɗaya tak saboda taron nan, daga nan in bari? Binciken fa? Kuma da wane baki zan tunkari maigidana?

Daga Uwar da ta kasa zama.

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Kafin komai, sannu. Abin da kika gani a ɗakin nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma aikin da kika yi bayansa aiki ne na gaske. Yara bakwai ba wasa ba ne. Kada wani, har ke kanki, ya mayar miki da shekarun nan laifi gaba ɗaya.

Amma ki saurare ni da kyau: kada ki tilasta mata. Ko sau ɗaya. Kin auna zolaya da ran yaro kin ga zolaya ba ta da nauyi, to ma'aunin ne ba daidai ba. Ba zolaya kaɗai ke damun Gimbiya ba. Fuskarta ce da jikinta da sirrinta, kuma an raba su ga duniya tun ba ta da bakin cewa e ko a'a. Lokacin da take 'yar shekara biyar, ke ce bakinta, babu laifi. Yanzu ta yi nata bakin, ta kuma yi amfani da shi. Idan kika ja ta gaban manyan nan da ƙarfi, wataƙila ki samu abin da kike nema a wurinsu, amma yarinyar da za ki koma gida da ita ba za ta sake kawo miki damuwarta ba. Kin riga kin ɗanɗana wata biyu na irin wannan shirun.

Sannan ki daina ganin hanya biyu ce kawai, ko hotonta ko mutuwar yara. Abin da ke ceton yara shi ne iyaye su san farin nan su gane shi. Hoton ido kaɗai, ba fuska ba suna, zai yi wannan aikin. A cikin mata hamsin ba za a rasa wadda ita da iyalinta za su yarda a sa nasu da zuciya ɗaya ba. Ki kira matan ƙungiya yau, ba gobe ba, ki daina ce musu ana shiri. Ki gaya musu Gimbiya ba za ta yi magana ba, a cire sunanta, kuma a fara sauke hotunanta daga bango. Su ma iyaye ne, za su gane fiye da yadda kike tsoro. Ranar taro ki tsaya da kanki. Matar da ta tokare ƙarfen ruwa da takalminta ba ta rasa abin da za ta gaya wa manya ba. Ki nemi uwar yarinyar da aka ceto wa ido biyu, in ta amince ta tsaya kusa da ke. Ki kuma fara sakar wa wasu ragamar ƙungiyar. Ƙungiyar da ba ta motsi sai da mutum ɗaya da 'yarta ba ta tsaya da ƙafarta ba tukuna.

Maganar asibiti kuwa, ki raba ta biyu, domin ke kin cuɗa su, ita ma ta cuɗa su. Bincike zaɓi ne. Duba lafiya ba zaɓi ba ne. Ki koma wurin likitar ki gaya mata gaskiya, cewa kin sa hannu ba ki tambayi yarinyar ba, a dakatar da sunanta. Likitar kirki ba za ta ji haushi ba, don ita ma ba ta son jinin da aka ɗiba da kuka. Ni ba likita ba ce, amma na ga amfanin binciken nan, kuma wata rana Gimbiya da kanta za ta so sanin ko abin nan na bin jini, saboda 'ya'yan da za ta haifa. Ki roƙi likitar ta zauna da ita su biyu, ke kina waje, ta yi mata bayani kamar babbar mutum, ta tambayi duk abin da take so. In ta ce a'a, a bar shi a haka. Ba a rufe ƙofa ba, za ta iya canja ra'ayi tana shekara goma sha shida ko ashirin. Ke da babanta kuna iya ba da naku jinin idan likitar ta ce zai yi amfani. Amma duba lafiyar shekara, wannan ki tsaya a kai, cikin sanyin murya, ba da tsawa ba. Ina kyautata zaton ba allura take gudu ba, barandar da kowa ya san ta take gudu. Ki ba ta zaɓin rana, da wanda zai raka ta. Idan ta zaɓi babanta, kada ki ji zafi.

Kada ki garzaya makarantar ki yi musu lacca, na san ƙafarki na ƙaiƙayi. Ki tambaye ta me take so a yi. Wataƙila ta so a yi wa malama ɗaya magana a asirce, wataƙila ta so a bar ta ta gwada da kanta. Amma waɗanda suka tare ta suka ce ta ciro ido, wannan cin zarafi ne, ki gaya mata ba za ki iya kau da kai ba, sai ku shirya tare yadda za a kai maganar.

Yanzu maigidanki. Kin tambaya da wane baki. Da wannan bakin da ya yi ɓarnar. Ki same shi a shagonsa lokacin da babu kowa, ki ba shi haƙuri ba tare da "amma" ba, sannan ki gaya masa abin da kika gaya mini, cewa ke ma kin ga farin nan kin yi dariya. Mutumin nan shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da wannan abu shi kaɗai, yana zaton kina riƙe da shi a zuci, sai ga shi kin tabbatar masa. Ku biyun ba ku san ciwon ba, babu wanda ya taɓa gaya muku, kuma ai wannan rashin sanin ne kike yaƙa. Abin da kike yafe wa iyayen duniya kullum, ki yafe wa mijinki, ki yafe wa kanki. Zai iya ɗaukar lokaci kafin ya sauko, kada ki matsa masa.

Ita ma Gimbiya tana bin ki haƙuri. Ki janye maganar rashin godiya, ki kuma janye cewa an bar ta da rai ne don wasu su amfana. Wannan kaya ne da babba ma ba zai iya ɗauka ba. Ba sai ta yi wa kowa amfani ba kafin ta cancanci rayuwarta. Ki gaya mata haka a fili, da bakinki.

Abu na ƙarshe, kuma ki yi haƙuri da ni. Na ga aikin alheri a wasiƙarki, amma na ga tsoro ma. Ina jin tun ranar da kuka bar ɗakin nan ba ki yarda jinya ta ƙare ba, shi ya sa zama ke gagarar ki. Ki samu wanda za ki yi wa magana a kan ke kanki, ba a kan ƙungiya ba, ko cikin matan da kuka fara tare, ko mai ba da shawara a asibitin. Ki ware rana ɗaya a mako ki kashe waya. Ki ɗauki 'yan matan nan biyu ku fita, ko yawon kallon kaya ne a kasuwa, kada kalmar ido ta fito daga bakinki. Ki tambayi babbar wane darasi ta fi so, wa ke ba ta dariya a aji, me take son zama. Za ki yi mamakin yawan abin da ba ki sani ba game da yarinyar da kika yi ta ba da labarinta a rediyo. Ƙaramar ma tana jiran ranar da za a juyo a kalle ta.

Kin yi yaƙi don 'yarki ta rayu, kuma Allah ya ba ki nasara. Yarinyar da ta tsaya a gaban mutane ta ce a'a, lafiyayyiya ce, mai ƙarfin zuciya, kuma na san inda ta gado shi. Allah ya ƙara mata lafiya, ya daidaita tsakaninki da maigidanki, ya sa manyan nan su ji ku, ya kuma ba ki natsuwar da kika daɗe ba ki samu ba.

Taki,
Anti.